Tsohuwar da nake kula da ita ta ƙi cin abinci saboda ban san Erica Kane ba

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, ina tashar jirgin ƙasa ne a Long Island, nan New York, ina jiran na komawa Bronx. Tikitin zuwa da dawowa ya cinye mini sama da dala ashirin, ban da kusan dala ukun jirgin ƙarƙashin ƙasa, amma ba wannan ne ya sa na kunna waya ba. Yau an yi mini faɗa, faɗa na gaske, a kan wata mata da ban taɓa jin sunanta ba.

Kun san aikina, kula da tsofaffi a gidajensu. Wadda nake wurinta yanzu ta haura tamanin, Baturiya ce, ni dai Kaka nake ce mata, ta saba har tana amsawa. Da rana na kai mata miya, na tarar tana kallon wani tsohon wasa a YouTube. Wata 'yar siririyar mata ce a daji, ga wata ƙatuwar dabba, beyar, ta miƙe tsaye a gabanta, ita kuma maimakon ta gudu sai ta hau yi wa dabbar masifa, wai kada ta kuskura ta matso, ita ce Erica Kane. Na yi dariya na ce Kaka, wace mahaukaciya ce wannan? Wayyo Allah. Ta ture kwanon miya. Ta ce shekara nawa nake a Amurka? Na ce takwas. Ta ce shekara takwas a banza.

To na zauna aka yi mini karatu. Sunan matar na gaskiya Susan Lucci, an haife ta a 1946, kuma a Garden City ta tashi, nan kusa da inda nake tsaye. Wasan sunansa All My Children, tashar ABC ta fara nuna shi a Janairun 1970, aka rufe shi a Satumban 2011. Ku lissafa. Shekara 41 mace ɗaya tana fitowa a matsayin mutum ɗaya, Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana. Shirin ya haura kashi 10,000. Mu da muke ƙorafi idan fim mai dogon zango ya kai zango na bakwai, muna cewa sun fara jan mu kamar ƙaba! Kaka ta ce tana goyon ɗanta na fari ta fara kallo, da aka rufe kuwa jikarta tana jami'a.

Wai kun san me ya sa Turawa suke laƙaba wa irin wannan wasa sunan sabulu? Kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ne suka riƙa ɗaukar nauyinsu tun zamanin rediyo, don su tallata wa matan gida kayansu da rana, lokacin da maza suka fita aiki. Ni abin ya tuna mini da mahaifiyata a Zinder, rediyo a gefen murhu, kowa ya yi shiru in an fara wasan kwaikwayo. Allah Ya ƙara mata lafiya. Jiya ma ta ce in turo kuɗin magani, na tura.

Amma ga abin da ya tsaya mini a rai. Akwai kyautar da ake bai wa 'yan wasan talabijin na rana, Daytime Emmy. Tun 1978 aka fara sa sunan matar nan cikin 'yan takara. Ba ta ci ba. Aka sake, ba ta ci ba. Sau 18, jama'a! Sau goma sha takwas tana cin ado, ta je ta zauna a gaban kyamara, a kira sunan wata, ta tafa mata. Har sunanta ya zama abin zolaya a ƙasar, in mutum ya cika faɗuwa a takara sai a kira shi da sunanta. Ita da kanta ta fito a shirin barkwanci na talabijin, Saturday Night Live, a 1990 tana yi wa kanta ba'a. Ni da na faɗi jarabawar tuƙi sau biyu na yi wata uku ban ɗaga wayar kowa ba. Na ci a na uku dai, a lura, kuma ban taɓa gogar motar kowa ba.

Sai a 1999, karo na 19. Kaka ta sa na nemo mata bidiyon. Wani ɗan wasa, Shemar Moore, ya buɗe takarda ya ƙwala ihu cewa an karya ƙofi, Susan Lucci. Zauren gaba ɗaya ya miƙe, mata suna kuka, ita ta kasa magana. Na waiwaya na ga Kaka tana share hawaye, ni ma wallahi sai da idona ya cicciko, a kan matar da na sani awa ɗaya da ta wuce. Bayan nan ne ta yarda ta sha miyar, ta yi sanyi, na sake ɗumamawa.

Yanzu bari in faɗi wadda za ta ɓata wa wasu rai. A cikin wasan, Erica Kane auri-saki ce ta ƙarshe, aurenta ya kai goma ko kusa da haka, ga makirci, ga son kai, ga ƙwace mijin mutane. A zahiri kuwa miji ɗaya Susan Lucci ta yi, Helmut Huber, ɗan Ostiriya, mai dafa abinci ne asalinsa, daga baya ya koma kula da harkokinta. Sun yi aure a 1969, 'ya'ya biyu, suna tare har ya rasu a 2022. Shekara 52 da ɗoriya. Na ce a raina, da a wurinmu ne fa? Yarinya ta fito a muguwar kishiya sau ɗaya, shi ke nan, a kasuwa ana nuna ta, uwar saurayi ta ce ba da ita ba. In ta samu ta yi aure kuma dole ta ajiye sana'ar, auren ya mutu ta dawo, mu kuma mu ce ai dama. Ban ce Turawa sun fi mu ba, wanda ya ga yadda tsofaffinsu suke kwana su kaɗai a gida ba zai faɗi haka ba. Amma a wannan ɗaya, mu ji kunya kaɗan.

Rufe wasan ma da cin fuska aka yi shi. Shekara 41, aka maye gurbinsa da shirin girke-girke saboda ya fi arha. Kaka har yau ba ta yafe ba. Wannan ƙasa haka take, duk daɗewarka a wurin aiki, rana ɗaya za a ce an gode. Ku da kuke shirin zuwa, ku riƙe wannan, kada ka kuskura ka dogara da wurin aiki ɗaya, ni hukumomi biyu nake yi wa aiki.

Sai abu na ƙarshe, mata ku matso. A 2018 matar nan, mai motsa jiki kullum, mai kiyaye abin da take ci, tana cikin kanti tana sayayya ta ji kamar giwa ta danne mata ƙirji. Ashe babbar jijiyar zuciyarta ta toshe kashi 90 cikin ɗari. A daren aka sa mata 'yan bututun da ke buɗe jijiya. Ta ce ta ji alamar tun kafin ranar, ta share. Mu ne gwanayen wannan, ƙirji ya yi nauyi mu ce gajiya ce, ko olsa, a jiƙa kanwa a sha. Ni kaina wata biyu ke nan ina ɗaga ranar ganin likita don kada in rasa kuɗin yini ɗaya. Na kira su ɗazu daga kicin ɗin Kaka, sun ba ni Alhamis.

Ga jirgina nan ya shigo. Gobe wai za ta nuna mini auren Erica na uku, ta ce in zo da wuri.