Akwatuna Goma da Garwar Madara Biyu: Shaidar da Yahudawan Warso Suka Binne

(An rubuto wannan lacca ne daga rikodin murya, an ɗan rage maimaici.)

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, 'yan'uwa ɗalibai, barkanku da yamma.

An ce in yi magana a kan yadda aka adana shaidar kisan kiyashin da gwamnatin Nazi ta Jamus ta yi wa Yahudawan Turai a Yaƙin Duniya na Biyu, kisan da ya ci rai kusan miliyan 6. Maganar tana da faɗi. Saboda haka zan kai ku gida guda, mai lamba 68 a titin Nowolipki cikin birnin Warso na ƙasar Polan, mu tsaya a can mu daɗe.

A watan Nuwamban 1940 Jamusawa suka zagaye wani yanki na Warso da katanga, suka cusa Yahudawa sama da 400,000 a ciki, a filin da bai kai murabba'in kilomita huɗu ba. Ba shiga, ba fita. Kafin tsakiyar 1942 yunwa da annobar zazzaɓi sun kashe sama da mutum 80,000. A cikin waɗanda aka kulle akwai wani malamin tarihi, Emanuel Ringelblum. Shi ne ya tara marubuta da malaman makaranta da malaman addini, suka kafa ƙungiya a ɓoye. Ranar Asabar suke haɗuwa, don haka suka sa mata suna Oyneg Shabes, wato farin cikin Asabar, domin wanda ya ji sunan ya ɗauka taron ibada ne.

Ringelblum ya gane wani abu da wuri. Wanda ya zo kashe ka, ba ranka kaɗai yake nema ba, so yake bayan ka mutu shi ne zai ba da labarinka. In Jamus ta ci yaƙi, tarihin Yahudawan Polan a takardun ofishin makasansu kaɗai za a same shi. To sai ya ce wa mutanensa su tara komai, kada wani ya zauna yana tantance mai muhimmanci da maras muhimmanci, wannan aikin na masu zuwa ne.

Kuma komai ɗin suka tara. Akwai katin rabon abinci, akwai tikitin shiga mota, akwai sanarwar Jamusawa da aka ɓamɓaro daga bango, akwai jaridun ɓoye, akwai wasiƙun da ke zuwa daga ƙananan garuruwa. Har takardar naɗe alawa. An sa yara 'yan makaranta su rubuta insha'i a kan yadda aka kore su daga gidajensu. An aika mutane su zauna da 'yan gudun hijira, su rubuta abin da suka faɗa da bakinsu. Wata marubuciya, Rachel Auerbach, wadda ke kula da gidan rabon miya a titin Leszno, aka ce ta rubuta waɗanda ke zuwa layi da kwanonsu, da yadda fuskokinsu ke sauyawa mako bayan mako har ta daina ganinsu. Ba su rufa wa nasu asiri ba kuma: cin hancin 'yan sandan Yahudawa na cikin unguwar, da masu kuɗin da ke cin nama alhali gawa na kwance a bakin titi, duk suna ciki. Ni wannan ne ya fi sa na yarda da su. Shaidar da ta wanke mai ita tas, ka yi mata kallo biyu.

A farkon 1942 wani mutum ya tsere daga sansanin Chelmno, inda ake kashe mutane da hayaƙi a cikin manyan motoci. 'Yan ƙungiyar suka rubuta bayaninsa, aka bi da rahoton ta hannun 'yan gwagwarmayar ɓoye na Polan har Landan, BBC ta watsa labarin a watan Yunin 1942. Duniya ta ji. Jiragen ƙasa masu kai mutane sansanonin kisa ba su tsaya ba.

Ranar 22 ga Yuli 1942 aka fara kwasar mutanen unguwar zuwa sansanin kisa na Treblinka. Cikin wata biyu an tafi da kusan 265,000. Ana tsakiyar wannan, a farkon Agusta, wani malamin makaranta mai suna Israel Lichtenstein da ɗalibansa biyu, David Graber da Nachum Grzywacz, suka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa na makarantar da ke Nowolipki 68. Suka cika akwatunan ƙarfe goma da takardu, suka haƙa rami.

Ina roƙonku ku ɗan saurara a nan. Kafin su rufe akwatunan, kowannensu ya saka wasiyyarsa. Graber shekararsa 19, tsaran da yawa daga cikinku. Abin da ya rubuta, a ma'ana, shi ne: abin da muka kasa kururuwarsa ga duniya mun binne shi a ƙasa, kuma ina ma a ce zan rayu in ga ranar da za a tono shi. Lichtenstein kuwa ya roƙi a tuna da matarsa, Gela Seksztajn, mai zane ce, ya saka zanenta sama da 300 a ciki. Ya kuma roƙi a tuna da 'yarsa Margalit, ya rubuta cewa watanta 20 a duniya. Duk lokacin da na zo nan sai na tsaya. Uba ne ya san ba zai iya ceton 'yarsa ba, sai ya ceci sunanta. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya tsira.

A farkon 1943 aka binne kashi na biyu a gidan nan dai, wannan karon cikin manyan garwar madara biyu. Watan Afrilu unguwar ta yi bore, Jamusawa suka ƙone ta gida-gida har ta zama kufai. Ringelblum ya ɓuya a wani rami da matarsa da ɗansa, aka gano su a watan Maris 1944, aka harbe su.

Mutum uku kacal suka rage daga ƙungiyar: Rachel Auerbach, da Hersh Wasser, da matarsa Bluma. Wasser ne ya san wurin, shi ma da ƙyar ya sha, dirowa ya yi daga jirgin da ke kai shi Treblinka. Ku duba siririn zaren da tarihin nan ya rataya a kai. Bayan yaƙi babu titi, babu gida, sai tsibin ɓaraguzai iya ganinka. Sai da aka yi ta awo da lissafi kafin a gane inda makarantar take. Ranar 18 ga Satumba 1946 aka ci karo da akwatunan. Ruwa ya shiga, fumfuna ta ci, takardu sun manne da juna, sai da aka riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ana shanyawa. Garwar madarar kuwa sai a Disambar 1950 leburori masu aikin gini suka tono su, kuma da yake murfinsu ya kama gam, takardun ciki sun fi lafiya. Wanda ya taɓa buɗe adakar kakansa ya tarar gara ta cinye kundi ya san wannan darasi: mazubi ma rabin aiki ne. Yau takardun, shafi kusan 35,000, suna Cibiyar Tarihin Yahudawa a Warso, UNESCO kuma ta saka su cikin rajistar abubuwan tunawa na duniya a 1999.

Na ga hannu a baya, na kuma san tambayar: me ya sa muke maganar wahalar Yahudawa alhali Falasɗinawa na shan tasu? Ɗan'uwa, zafin da kake ji ina jin sa. Amma Margalit ba ta kori kowa daga gonarsa ba. Kuma duk al'ummar da ake zalunta a yau, aikin Ringelblum ne take bukata: a rubuta suna, a rubuta rana, a adana takarda.

Auerbach ta koma Isra'ila ta shugabanci sashen karɓar shaida a Yad Vashem, cibiyar tunawa da kisan kiyashin, wadda aka kafa a 1953, ta kuma taimaka wajen nemo shaidun da suka tsaya a shari'ar Adolf Eichmann, jami'in Nazi da ya tsara jigilar Yahudawa zuwa sansanonin kisa, a 1961. Daga baya aka koma ɗaukar murya da hoto. A 1979 aka fara ɗaukar bidiyon waɗanda suka tsira a New Haven ta Amurka, tarin da ke Jami'ar Yale yanzu. Daga 1994 gidauniyar Shoah (sunan kisan kiyashin a Ibrananci) ta ɗauki hira kusan 52,000 a ƙasashe 56, cikin harsuna 32. Kaset ma yana ruɓewa, dole aka sake juye su zuwa kwamfuta. Masu ba da shaidar kuwa yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage yara ne a lokacin yaƙin.

Kayayyaki su ma suna tsufa. A gidan tarihi na Auschwitz, tsohon sansanin kisa na Nazi, akwai gashin mutane kusan tan biyu a bayan gilashi, an hana ɗaukar hoto a ɗakin, kuma launinsa yana ta dusashewa. Akwai takalman yara kusan 8,000. Masu kula da su ba sa mayar da takalmi sabo, ƙura kawai suke sharewa da tattausan buroshi, su tsayar da tsatsa da ruɓewa, domin lanƙwasar da ƙafar yaro ta bari a jikin fata ita ma shaida ce. A 2020, ana cikin wannan aiki, aka ga rubutu a cikin wani ɗan takalmi: suna da lamba. Aka bi lambar a takardu. Amos Steinberg ne, ɗan birnin Prag, an haife shi a 1938, an kai shi Auschwitz tare da mahaifiyarsa a Oktoban 1944. Shekararsa shida.

Shugaba ya nuna mini agogo. Saura abu ɗaya. An ce akwai kashi na uku na takardun Ringelblum, wanda aka binne dab da boren 1943 a titin Swietojerska, inda ofishin jakadancin Sin yake a yanzu. An yi haƙa a wurin a 2003, ba a same shi ba. Har yau ba a same shi ba.

Na gode. Ɗan'uwan da ya ɗaga hannu ɗazu, bismillah, kai za ka fara.