Yadda Shuɗin Farisa Ya Hau Tangaran ɗin Sin

Ku ɗauka ga wani farantin tangaran a gabanku. Fari ne fat, an yi masa zane da shuɗi, faɗinsa ya haura santimita 40. A garin Jingdezhen na ƙasar Sin aka gasa shi a ƙarni na 14, amma ba don Sinawa aka yi shi ba. Su a ƙananan kwanoni suka saba ci. Faranti mai wannan girma sai gidan da ake zagaye tire ɗaya a sa hannu tare, irin yadda muke yi. Masu sayensa suna can Farisa (Iran ta yau), Sham da Masar.

Shi kansa shuɗin baƙo ne. Kobalt ake ce wa ma'adinin, fatake ke kawo shi daga yankin Kashan na Farisa lokacin da Mongol ke mulkin Sin, hanyoyi a buɗe. Mai zane zai niƙa shi, ya dama da ruwa, ya zana ganye da furanni a jikin farin yumɓu. A lokacin launin baƙi-baƙi ne, ba ya ɗaukar ido. Sai an shafe shi da ruwan ƙyalli, ya sha wutar da ta wuce digiri 1,200, sannan shuɗin ya fito.

Labarin ya girmi haka. Tun ƙarni na 9 maginan Basra ta ƙasar Iraƙi suka ga fararen kwanonin Sin suka yi sha'awa. Ba su da irin wannan yumɓun, sai suka lulluɓe nasu da farin shafe, suka yi masa ado da kobalt, wani lokaci har da rubutun Larabci.

Daga baya maginan Jingdezhen suka koma kwaikwayon butoci, tasoshi da gidan alƙalami na tagulla da ake ƙerawa a ƙasashen Musulmi. A zamanin Sarkin Sin Zhengde, 1505 zuwa 1521, har rubutun Larabci da Farisanci aka riƙa yi a jikin kayan fada. Abin burgewa ne ka ga haruffan Larabci da burushin Basine ya ja su, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Sarakunan Usmaniyya na Turkiyya sun tara irin waɗannan kaya. Fadar Topkapi a Istanbul tana da kayan tangaran na Sin fiye da 10,000. Maginan garin Iznik na Turkiyya kuwa suka ɗauki zanen inabi da na igiyar ruwa daga jikinsu, suka mayar kan nasu farantan.