Facin Kumatu a Bututun Ƙoda

Assalamu alaikum. Malamaina, abokan aiki da ɗalibai, na gode da kuka taru a nan Shika, kusa da Zariya, da yammacin nan. Maganata a kan gyaran bututun ƙoda da ya tsuke ce, ta hanyar yi masa faci da fatar cikin kumatu.

Bututun da ke ɗauko fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara tsawonsa santimita 25 zuwa 30 ne a jikin baligi, kaurinsa bai kai na fensir ba, kuma jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi sirara ne ƙwarai, shi ya sa da zarar ya ji rauni yake saurin tsukewa. A nan ƙasarmu raunin yakan faru ne yayin tiyatar cire mahaifa ko ta haihuwa mai wuya, wani lokaci kuma tsargiya ce ke toshe shi sannu a hankali. Duk wanda ya ga mace ta dawo asibiti da zane a jiƙe da fitsari, tana jin kunyar zama kan benci, ya san nauyin wannan magana.

Idan ɓarnar tana kusa da mafitsara, muna da dabarar Boari, likitan Italiya da ya gwada ta a kan karnuka a 1894: a yanko ɓangaren mafitsara, a naɗe shi ya zama bututu. Idan kuwa tana sama kuma doguwa ce, an saba aro ƙaramin hanji, sai dai hanji yana fitar da majina, yana kuma tsotse gishirin fitsari ya mayar cikin jini.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne facin kumatu. A Afirka ta Kudu, wasu masu bincike biyu, Somerville da Naude, sun gwada shi a kan gwaggon biri a 1984, sannan Naude ya bayyana sakamakonsa a jikin mutane a 1999. Ana yanko siririyar fatar cikin kumatu, a tsaga wurin da ya tsuke a tsaye, a ɗinka ta kamar faci, sannan a lulluɓe da kitsen nan da ke rufe hanji domin ya ba ta jini. Fatar baki ta saba da danshi, saboda haka fitsari ba ya cin ta.

A Amurka da mutum-mutumin tiyata ake yi tun wajen 2015, amma a ganina hannu da zare mai kyau sun wadatar. Damuwata ita ce bibiya. Bayan tiyatar akan bar siririyar roba cikin bututun domin fitsari ya riƙa wucewa, kuma dole ne a cire ta bayan 'yan makonni, domin in an manta da ita tsakuwa takan taru a jikinta har ƙodar ta lalace. Kafin mu ɗauki wuƙa, mu tabbatar majinyaciyar da ta taso daga Giwa ko Soba tana da halin dawowa.