A Kama Mai Jifa, a Bar wa Kano Filinta

Jama'a masu saurare assalamu alaikum. Yau magana ta a kan ƙofar filin wasa na Sani Abacha ce da ke Ƙofar Mata, ƙofar nan da ake garƙamewa duk sanda wasu 'yan tsiraru suka yi ta'asa, sai a ce Kano Pillars ta naɗe tabarmarta ta tafi wani gari ta buga wasan gida. Wasan gida fa, a garin wasu! Ƙungiyar da kirarinta ma Sai Masu Gida.

A 2020 da korona ta shigo aka mayar da filin wurin killace masu cutar, Pillars ta koma Kaduna, wannan kam lalura ce babu mai ja. To amma a Afrilun 2022 aka buga da Katsina United a Kano aka tashi babu ci, wasu ɓata-gari suka far wa motar baƙi suka farfasa gilasai, hukumar gasar ta ci tarar ƙungiya, ta zaftare mata maki uku, ta ce sauran wasannin gida a tafi Abuja. Ƙarshen kakar nan Pillars ta faɗa rukuni na biyu, ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, wadda ta cire Al Ahly ta Masar a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin zakarun Afirka. Sai ga Oktoban 2025, Shooting Stars ta farke ana dab da tashi, wasu suka tsallaka cikin fili suka auka wa alƙalan wasa da baƙi, hukunci kuma shi ɗin dai, tara, maki uku, a tafi Katsina.

Tambayata ɗaya ce, wanda ya yi jifan ina yake? Yana gida yana shan shayi. Wanda ya ji a jikinsa shi ne mai gurasa da mai ruwan leda da mai rake da suke kasa kaya a bakin fili ranar wasa, da ɗan adaidaita sahu da yake kwasar 'yan kallo daga Fagge da Kurna da Hotoro, da yaron da ya tara 'yan canjinsa duk sati don ya ga gwanin ɗan wasan Pillars Rabi'u Ali Pele da idonsa, wannan yaron da me zai je Katsina, balle Abuja? Kuma kar ku manta ƙungiyar nan ta gwamnatin jiha ce, tarar miliyoyin nan daga dukiyar mutanen Kano take fita, wato an hana talaka kallo sannan an biya tara da kuɗinsa, mai laifi kuwa ko marin sauro bai sha ba.

Na san masu cewa ai sai an hukunta kowa sannan za a ji tsoro. Haba dai. An hukunta kowa a 2022, ya hana 2025? Bai hana ba. Mai jifa ba ya tsoron hukuncin da ba a kansa zai sauka ba, shikenan maganar.

Su ma masu kare abin da sunan kishin gari su saurara mana. Wane kishi? Pillars ta shekara 12 ba a doke ta a gida ba kafin Nasarawa United ta karya tarihin a 2015, kuma abin da baƙi ke tsoro a Kano shi ne fili maƙil da mutane tun azahar da ihun da ke ruɗa mai tsaron gida. Sai mai dutse ya sa aka kwashe wannan duka aka kai garin da kujeru suke wayam. Alƙalan wasanmu suna kuskure? Suna yi, wani lokacin ma har ka rasa ko kuskure ne ko wani abu daban, amma dukan alƙali bai taɓa soke ƙwallon da ta shiga raga ba.

A Ingila bayan rikicin 'yan kallo da ya ci rayuka a filin Heysel na ƙasar Belgium a 1985, wanda aka ɗora laifinsa kan magoya bayan Liverpool, an kori ƙungiyoyinsu daga gasar Turai shekara 5, amma abin da suka riƙe daga baya shi ne kyamara a filaye da dokar da ke hana mutum shi kaɗai shiga fili na shekaru, har a karɓe fasfonsa in za a yi wasa a waje. Mutum ake bi da sunansa da fuskarsa. Mu nan ko kyamarar ba sai mun jira ba, bidiyon ta'asar nan yana yawo a Facebook da TikTok fuskoki tar, a unguwa kowa ya san ɗan gidan wane ne.

Don haka hukumar NPFL mai kula da gasar, da gwamnatin Kano da 'yan sanda da shugabannin ƙungiyar magoya baya, ku kama mai jifa, ku kai shi kotu, ku rubuta sunansa a ƙofar shiga, ku gyara shingen da ake tsallakawa, ku zuba jami'an tsaron da za su juya wa wasa baya su fuskanci 'yan kallo maimakon su ma su zauna kallon ƙwallo. In an yi wannan kuma aka sake, to ku zo mu yi maganar rufe fili.