Kyautar Kuɗi da Neman Maganin Tsufa

A shekarar 1714 majalisar dokokin Birtaniya ta yi alkawarin fam 20,000 ga duk wanda ya gano yadda matuƙan jirgin ruwa za su san inda suke, gabas ko yamma, a tsakiyar teku. Wanda ya warware matsalar, John Harrison, kafinta ne da ya koya wa kansa haɗa agogo, kuma sai da ya tsufa yana kai-kawo kafin a biya shi mafi yawan kuɗin. Dabarar ke nan: maimakon a zaɓi masani a ba shi tallafi kafin aiki, sai a faɗi abin da ake so, a ajiye kuɗi, kowa ya gwada sa'arsa. Haka aka sa dala 25,000 da Charles Lindbergh ya ci a 1927, lokacin da ya tuƙa jirgin sama daga New York zuwa Paris ba tare da ya sauka ba.

Sai dai irin wannan gasa tana da sharaɗi guda, wato alƙalai su iya tabbatar da nasara ba tare da gardama ba. Jirgi ko ya isa Paris ko bai isa ba. Tsufa kuwa ba haka yake ba, domin wanda ya ce maganinsa yana ƙara wa mutum shekaru, sai an jira shekaru masu yawa kafin a gane gaskiyarsa, kuma mai yiwuwa alƙalan ma ba za su kai lokacin ba.

Shi ya sa gidauniyar Methuselah, mai tallafa wa binciken tsufa, ta sa kyauta kan tsawaita ran ɓeraye a 2003, tunda galibi ɓeran ɗakin gwaji ba ya wuce shekara biyu zuwa uku. Ɓeran da masanin kimiyya Andrzej Bartke ya ci kyautar da shi ya rayu kwana 1,819, kusan shekara biyar. Abin mamaki ne, amma ɓera ba mutum ba ne, kuma magunguna da dama da suka yi aiki a jikinsa sun gaza a jikin ɗan Adam.

Gasar XPRIZE Healthspan, wadda aka sanar a birnin Riyadh a Nuwamban 2023 da dala miliyan 101, ta sauya tambayar gaba ɗaya. Ba a ƙirga tsawon rai. Ana so ne a ga maganin da cikin shekara guda zai maido wa tsoho ƙarfin tsoka, kaifin ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki irin na shekara goma baya ko fiye, abin da za a iya aunawa mutum yana raye.

Akwai wani cikas kuma. Kyauta tana zuwa ne bayan an gama aiki, alhali gwajin magani a jikin mutane yana cin kuɗi tun daga farko. Saboda haka masu shirya gasar suka ware wani kaso da ake bai wa tawagogin da suka tsallake matakan farko, don su iya kai gwajinsu ga tsofaffin da aka yi gasar dominsu.