Landan da New York: Me Ya Sa Dawowa Ta Fi Zuwa Sauri?

Ku dubi misalin wani tikitin jirgin sama da kyau. Jirgi zai tashi daga filin jirgin sama na Heathrow da ke Landan da ƙarfe 10 na safe, ya sauka a filin JFK na New York da ƙarfe 1 na rana, abin da ya sa wasu ke ɗauka cewa tafiyar awa 3 ce. Kowane lokaci da aka rubuta a tikiti na agogon garin ne, kuma Landan tana gaban New York da awa 5, saboda haka tafiyar awa 8 ce.

Inda gardama ta fi zafi shi ne wajen dawowa, wadda ba ta cika wuce awa 7 ba, alhali nisan bai sauya ba, kusan kilomita 5,550 ne ko ta ina aka auna. Amsar da na fi ji ita ce wai duniya ce ke juyawa a ƙarƙashin jirgin. To, duniya daga yamma zuwa gabas take juyawa, don haka da maganar gaskiya ce, mai tafiya New York ne zai riga isa, tunda birnin zai taho ya tarye shi a hanya. Iskar da jirgin ke ratsawa tana juyawa tare da duniya, shi ya sa idan mutum ya yi tsalle yake dira inda ya tashi, ba a gidan maƙwabcinsa ba.

Ga ainihin dalilin. Kimanin kilomita 10 a sama, daidai inda jiragen fasinja ke bi, akwai wani zirin iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas bisa Tekun Atlantika, tamkar kogi. A ce jirgi yana gudun kilomita 900 a awa, iskar kuma tana gudun 150. Idan ta biyo shi a baya, wanda ke ƙasa zai ga yana cin kilomita 1,050 a awa. Idan kuwa gaba da gaba suka yi, 750 kawai zai ci, ko da yake injin bai rage komai ba. Wanda ya taɓa tuƙa kwalekwale yana hawan ruwa ya san wannan wahalar. Shi ya sa matuƙan da suka nufi gabas ke neman shiga tsakiyar zirin, masu zuwa yamma kuma su kauce masa ko da hanya za ta ƙara tsawo.

A lokacin hunturu iskar ta fi ƙarfi. A watan Fabrairun 2020, yayin guguwar Ciara, wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya taso daga New York ya isa Heathrow cikin awa 4 da minti 56.

Kada dai ku sa rai da irin wannan sa'ar kullum, domin lokacin da ke kan tikiti ya haɗa har da tafiyar jirgi a ƙasa da jiran layin tashi, kuma a filaye masu cunkoso irin waɗannan biyun, jiran kan yi tsawo.