Zaɓen shugaban ƙasar Ailan da ƙuri'un da aka ɓata da gangan

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Dublin nake magana, babban birnin Ailan. Fastocin da na gani a jikin turakun fitilun titi na zaɓen shugaban ƙasa ne da aka yi ranar Juma'a, 24 ga Oktoba 2025. Doka ta ba masu su kwana 7 bayan zaɓe su sauke, wanda ya bar nasa kuma ya biya tara.

Catherine Connolly ce ta ci, da kusan kashi 63 cikin ɗari. Heather Humphreys ta jam'iyyar Fine Gael ta samu kusan kashi 29. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutum sama da 213,000 da suka fita daga gidajensu, suka je rumfar zaɓe, suka karɓi takarda, sannan suka ɓata ta, akasarinsu da gangan. Kusan kashi 13 ke nan na duk ƙuri'un da aka kaɗa. A zaɓen 2018 abin bai wuce kashi 1 da ɗan wani abu ba.

Kafin ku gane dalili, sai kun san irin kujerar da ake magana a kai. A nan shugaban ƙasa ba shi ke riƙe da gwamnati ba. Mulki yana hannun firaminista, wanda suke kira Taoiseach, a yanzu Micheál Martin. Shugaban ƙasa yana sa hannu a dokoki, idan kuma ya yi shakkar wata yana iya tura ta Kotun Ƙoli. Sauran aikinsa baki ne da mutunci, shi ne fuskar ƙasa. Michael D. Higgins ya yi shekara 14 a kai, kuma har direbobin tasi da ba su damu da siyasa ba za ka ji suna ambatonsa da girmamawa. Saboda haka mutane ba alƙawarin hanya ko asibiti suke jira daga ɗan takara ba. Halinsa suke dubawa.

Jim Gavin, ɗan takara na uku, ya ga haka da idonsa. Mutum ne mai farin jini, shi ya jagoranci ƙungiyar ƙwallon gargajiya ta Dublin ta ci kofin ƙasa sau biyar a jere, daga 2015 zuwa 2019, kuma Martin da kansa ya tsaya masa a jam'iyyar Fianna Fáil. Sai labari ya fito cewa wani tsohon ɗan hayarsa ya biya shi rarar kuɗi, Yuro 3,300, bisa kuskure, shekaru suka shuɗe bai mayar ba. Ranar 5 ga Oktoba ya janye. Wanda bai taɓa neman ɗaki a Dublin ba zai ce kuɗin ai ba su taka kara sun karya ba. To ku tambayi duk wanda ke haya a garin nan, baƙo ko ɗan ƙasa. Mutum zai ba da kusan rabin albashinsa don ɗaki guda, kuma sai ya yi layi da mutane da dama kafin a nuna masa shi. A irin wannan gari, mai gida da ya riƙe kuɗin ɗan haya ba shi da bakin neman ƙuri'a. Lokacin cire sunan Gavin ya riga ya wuce, ya zauna a takardar, har ya samu kusan kashi 7.

Sai takara ta koma tsakanin mata biyu, kuma nan ne ƙorafi ya tsananta. Ba kowa ke iya tsayawa ba: sai ka samu sa hannun 'yan majalisa 20, ko goyon bayan majalisun ƙananan hukumomi 4. Maria Steen, mai ra'ayin riƙau a kan addini da iyali, ta samu 18, biyu suka rage mata. Gareth Sheridan, matashin ɗan kasuwa, ya samu ƙananan hukumomi 2 kawai. Magoya bayan irin waɗannan suka ce manyan jam'iyyu sun toshe ƙofa, aka fara kira a kafafen sada zumunta cewa a je a ɓata ƙuri'a. Da yawa sunan Steen suka rubuta.

Wasu kuma, sai in faɗi gaskiya, maganganun ƙin baƙi suka rubuta. Ni baƙo ne, ba ni da ƙuri'a a wannan zaɓe tunda na 'yan ƙasa ne zalla, sai dai a zaɓen ƙananan hukumomi doka ta ba mu dama. Ganin hotunan takardun nan ya sosa mini rai ƙwarai. Amma ba zan yi musu kuɗin goro ba. Akwai maƙwabtana da muke zaman lafiya, ba ruwansu da ƙin baƙi, su ma sun ce ba su ga nasu a cikin 'yan takarar ba. Ina ganin kukansu yana kan hanya, kuma idan aka ƙi sauraron masu irin wannan kuka, masu hura wutar ƙiyayya ne za su janye su.

Ita Connolly ba a banza ta ci ba. 'Yar Galway ce, ta tashi a gidan 'ya'ya 14, lauya ce, tana jin yaren Ailan na asali sosai. 'Yar takara ce mai zaman kanta, amma Sinn Féin da Labour da sauran jam'iyyun hagu duk sun mara mata baya. Ba ta taɓa ɓoye ra'ayinta kan Gaza ba, ko kan kada Ailan ta shiga ƙawancen soja, kuma matasa sun so ta saboda haka. Lokacin da Fine Gael ta fitar da bidiyo tana sukar aikin lauyancin da ta taɓa yi wa bankuna, mutane da yawa sun ɗauke shi a matsayin yarfe, bai kuma rage mata komai ba.

Ranar 11 ga Nuwamba 2025 aka rantsar da ita, mace ta uku a kujerar bayan Mary Robinson da Mary McAleese. Ƙa'idar tsayawa takara kuwa tana cikin kundin tsarin mulki, ba a iya taɓa ta sai an yi ƙuri'ar raba gardama, kuma majalisa ce kaɗai ke iya buɗe wannan ƙofa. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.